Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: shekara nawa ya dace a ɗaure ɗan sandan da ya ci amana?

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka kira ni a waya cewa an kwashe ɗan yayata. Yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, yana taya wani mai shayi aiki a bakin titi a nan Agege, shi ke suyar ƙwai da dafa indomi. Motar sintiri ce ta tsaya aka ce kowa ya hau. Mai shayin ya sulale ta lungu, aka loda yaron da mutum shida da ke zaune kan benci da kofuna a hannu. Na zura riga na nufi caji ofis, na tarar iyaye da iyayen gida sun riga ni isa, kowa ya raɓe jikin katanga yana latsa waya yana neman wanda zai ranta masa. A bangon da ke bayan kanta an manna takarda da manyan haruffa cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashin takardar nan wani kofur mai igiya biyu ke zaune da littafi a gabansa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce dubu hamsin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me yaron ya yi?" Ya ce yawon dare. Na ce a bakin sana'arsa aka ɗauke shi, har yanzu hannunsa da man gyaɗa. Ya rufe littafin, ya ce in doguwar magana nake so, gobe za a rubuta cewa 'yan ƙungiyar asiri ne a tura su sashen binciken manyan laifuka, in je can in yi bayanina. Muka tsaya a dubu ashirin. Ya nuna mini mai POS da ke ƙofar ofishin, wanda bai tashi ba har tsakar dare. Da aka fito da yaron, ƙafarsa ba takalmi, leɓensa a kumbure, abin da ya fara faɗa mini shi ne, "Kawu, don Allah mu tafi, kada ka ƙara cewa komai."

Da asuba na ba wani dattijon unguwarmu labari a ƙofar masallaci. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan kuɗi. Mu baƙi ne a garin nan. A bar wa Allah." Na bi maganarsa na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai. Domin a daren nan kaɗai an karya doka aƙalla sau huɗu a gaban idona. Tun 1989 aka soke laifin da ake kira yawon banza daga dokokin ƙasar nan, ba a kama mutum a kansa. Dukan wanda ke tsare laifi ne. Karɓar kuɗin beli laifi ne. Barazanar ƙaƙaba wa mutum laifin da bai aikata ba laifi ne. Da ɗan yayata ne ya mari kofur ɗin ya zare masa dubu ashirin daga aljihu, da yanzu yana Kirikiri yana ƙirga shekaru.

Wannan rashin daidaito shi ne abin da nake son mu tsaya a kai. Duk lokacin da ɗan sanda ya yi ɓarna a Legas kuma bidiyo ya bazu, mun san abin da zai biyo baya kamar karatun allo. Kakakin rundunar zai fitar da sanarwa. Za a ce an kama jami'an, an gurfanar da su a shari'ar cikin gida. Wani lokaci a tara 'yan jarida a tuɓe musu kaki a gaban kyamara, a ce an kore su. Jama'a su yi tafi a Facebook, kwana biyu a manta. To amma kora hukuncin ma'aikata ce, irin wadda ake yi wa akawun da ke fashin zuwa ofis. Mutumin da ya ɗora wa wani bindiga ya tasa shi zuwa wurin cirar kuɗi, ko ya rataye shi a silin yana duka har ƙashinsa ya karye, laifin da ya yi na kotu ne da gidan yari. In aka tsaya a kan kora, an sallame shi ke nan da ganimarsa, kuma an sako wa gari mutumin da ya ƙware da bindiga kuma ya saba da cin kuɗin da bai yi wa gumi ba.

Kada a ce ban faɗi inda aka yi abin kirki ba. Legas ta nuna cewa in an ga dama ana iyawa. Ranar Kirsimeti ta 2022, a ƙarƙashin gadar Ajah, wani mataimakin sufuritanda mai suna Drambi Vandi ya harbe lauya Bolanle Raheem a cikin motarta, tana tare da iyalinta, tana da juna biyu. Antoni Janar na jihar a lokacin, Moyosore Onigbanjo, da kansa ya jagoranci gabatar da ƙara. Abokan aikin Vandi da suke tare a shingen suka shiga akwatin shaida suka faɗi abin da suka gani suka ji. Ranar 9 ga Oktoban 2023 Mai shari'a Ibironke Harrison ta same shi da laifin kisan kai, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Daga harbi zuwa hukunci ba a cika wata goma ba. Kafin nan akwai Kolade Johnson, wanda harsashin wani sufeto ya kashe a Mangoro ranar 31 ga Maris na 2019, a wurin kallon ƙwallo. Shi sai a Disambar 2022 Babbar Kotu a Ikeja ta yanke wa sufeton, Olalekan Ogunyemi, ɗaurin rai-da-rai, bayan shekara uku da wata takwas.

Sai dai mu dubi abin da ya sa waɗannan shari'o'i suka yi tafiya. Bolanle lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta tsaya a bayanta, kowane zama na kotu da wakilanta a ciki. Kolade ya mutu a lokacin da kiran a rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, ke ƙara zafi, sunansa ya cika intanet. Kwana goma sha takwas kacal kafin a harbe Bolanle, wani ɗan sanda daga ofishin Ajiwe, inda Vandi ke aiki, ya harbe wani matashi mai suna Gafaru Buraimoh. Mutum nawa ne yau ke tuna sunansa? Da an ɗauki mutuwarsa da zafin da ya dace, an girgiza ofishin nan daga sama har ƙasa, wataƙila da Bolanle ta haifi abin da ke cikinta. In haka ne ga ɗan gari, ina ga ɗan acaɓa daga Jigawa, ko ɗan ga-ruwa a Idi-Araba, ko mai bola jari a Ijora, wanda ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci sosai, danginsa suna nisan kilomita dubu? In ya mutu a hannun hukuma, 'yan'uwa kan yi karo-karo a karɓo gawa, a yi mata sutura kafin la'asar kamar yadda addini ya koyar, magana ta bi shi kabari.

Ban manta da watan Agustan 2019 ba, lokacin da jami'an kwamitin aiki da cikawa na jihar suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. An tsare su, an baza hotunansu a duniya kamar waɗanda aka kama da makamai, daga baya aka sake su domin ba a same su da komai ba. Haka ake kallonmu a hanya: wanda ake zargi tun kafin ya buɗe baki. Shi ya sa batun hukunta ɗan sanda ya fi shafar mu fiye da yadda muke zato, duk da cewa a 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, da yawa daga cikinmu sun ɗauke ta rigimar samarin Kudu masu manyan wayoyi, gwamnonin Arewa ma suka fito suka ce gyara suke so a yi wa rundunar maimakon rushe ta.

Dokoki kuwa ba su muka rasa ba. A Disambar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga duk jami'in da ya gana wa wani azaba, ta ce in wanda aka azabtar ya mutu to kisan kai ne, ta kuma ce "oga ne ya sa ni" ba hujja ba ce. A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto mai ɗauke da aƙalla mutum 82 da jami'an SARS suka azabtar ko suka wulaƙanta ko suka kashe tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, ta kuma ce har lokacin ba a gurfanar da ko jami'i ɗaya na rundunar ba. Wata huɗu bayan nan gari ya kama da wuta. Sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama uwa ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Dokar shari'ar laifuka ta Legas ta ce in za a ɗauki iƙirarin wanda ake tuhuma, a ɗauka a bidiyo ko a gaban lauyansa. Duk suna nan a rubuce. Wanda ya taɓa kwana a bayan kanta ya san nisan da ke tsakanin takardun nan da abin da ke faruwa da ƙarfe biyu na dare.

To shekara nawa? Ra'ayina shi ne kaki ya zama abin da ke ƙara wa laifi nauyi. A yau akasin haka ake yi: lauya ya tashi ya ce wanda yake karewa ya bauta wa ƙasa shekara ashirin, yana da iyali, ya riga ya rasa aikinsa da fanshonsa, a yi masa sassauci. Ni kuwa ina ganin shekara ashirin ɗin nan su ne hujja a kansa. Bindigar da ke hannunsa da kuɗin jama'a aka saye ta, aka damƙa masa amana. In ɗan fashi ya tare ka kana iya gudu, kana iya ihu a kawo maka ɗauki, kana iya kai ƙara. In ɗan sanda ya tare ka, gudu ya zama laifi, ihu ya zama laifi, ƙarar kuma ofishinsa za ka kai. Laifin da aka yi wa wanda doka ta ɗaure wa hannu ya fi muni. A Ingila, da alƙali zai yanke wa Wayne Couzens hukunci a 2021 kan kisan Sarah Everard, ya ba shi ɗaurin da ba fita har mutuwa, kuma babban dalilinsa shi ne mutumin ya yi amfani da matsayinsa na ɗan sanda ya yaudare ta ta shiga motarsa. Mu da muka taso da labarin matar nan ta Banu Makhzum da aka nemi a yi mata alfarma, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, bai kamata sai wani alƙalin Turai ya koya mana wannan ba.

Amma ba ina kiran a rataye kowa ba ne, kuma a nan zan rabu da wasu abokaina da ke ganin hukuncin Vandi shi ne maganin komai. Na farko, gwamnoninmu ba sa sa hannu a takardar kisa. Rabon da a ji an aiwatar da irin wannan hukunci tun 2016 a jihar Edo. Abin da hukuncin kisa ke nufi a aikace shi ne zaman da ba ranar ƙarewa a Kirikiri. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, ɗan sandan da ke shingen bincike a Ketu ko Oshodi ba ya lissafi da igiyar rataya. Ya san mutum ɗaya cikin dubbai ke kai wa can, kuma sai an yi rashin sa'a wanda aka kashe mai gata ne. Abin da zai sa hannunsa ya yi sanyi shi ne ya san tabbas cewa in ya karɓi dubu biyar da ƙarfi aka kama shi, zai yi shekara biyu cur a gidan yari, kuma ya san abokin aikinsa da ke can yanzu yana yin su. Ɗauri matsakaici wanda babu makawa ya fi ɗauri mai tsanani wanda sai an yi sa'a.

Shi ya sa na fi damuwa da ƙananan laifukan da muka saba da su har muka daina kiran su laifi. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano zuwa Mile 12, ko shanu zuwa mayankar Oko-Oba, yana ware kuɗin hanya tun kafin ya tayar da mota, kamar yadda yake ware kuɗin gas. 'Yan gwari sun san minti talatin a shinge cikin rana na iya mayar da kwandon tumatir ruwa, saboda haka ba sa jayayya. Daga na goro ake farawa. Wanda ya saba miƙa hannu a ba shi, ranar da aka hana shi yana jin an ci masa fuska, kuma akwai bindiga a kafaɗarsa. Da yawa daga abin da ake kira harbin kuskure a titunan ƙasar nan daga irin wannan gardama yake tasowa. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga ma'aikacin gwamnati da ya karɓi cin hanci. Dokar fashi kuma ta ce wanda ya ƙwaci dukiya da ƙarfi ɗaurinsa ba zai gaza shekara 21 ba, in da makami ne hukuncinsa kisa. A gaya mini, mutum huɗu da bindigogi su tura matashi cikin mota, su ƙwace wayarsa, su tilasta masa buɗe asusunsa na banki, su zagaya da shi har sai ya tura musu kuɗi, wane suna wannan aiki yake da shi in ba fashi da makami ba? Kalar rigarsu ba ta canja sunan. Ban ce a rataye su ba, amma a tuhume su da abin da suka aikata, alƙali ya ɗaure su shekarun da zai ɗaure duk wani da ya yi haka.

A kwatanta da yadda jihar ke yi da namu laifin. Tun 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Gwamnati ta yi shelar cewa mai babur da fasinjansa na iya shan ɗaurin shekara uku, baburan da aka kama kuma ana murƙushe su da inji a gaban 'yan jarida. Ban zo yin jayayya da wannan doka a yau ba. Wanda ya karya ta ya san abin da ya taka. Abin da nake cewa shi ne gwamnatin da ke da kotun tafi-da-gidanka mai yanke wa ɗan acaɓa hukunci cikin awa guda, ba za ta ce mana ba ta da hanyar gurfanar da ɗan sandan da ya karɓi kuɗi ya saki babur ɗin ta bayan gida ba.

Ga azabtarwa, dokar 2017 ta sa rufi ta ce shekara 25, amma ba ta sa ƙasa ba. Ina ganin ya kamata majalisa ta gyara ta sa mafi ƙaranci, a ce shekara bakwai, ba zaɓin tara. Ga wanda ya kashe rai da ganganci ko da sakacin da ya wuce hankali, ɗaurin rai-da-rai, tare da adadin shekarun da dole ya yi kafin wani gwamna ya saka sunansa a jerin afuwar ranar 'yancin kai. Kuma a gidan yarin da kowa ke zama. A ware masa ɗaki saboda kare rayuwarsa, wannan daidai ne, amma ya ci abincin da ake ba kowa. Gidan yarin Ikoyi da aka gina don mutum 800 ya daɗe yana ɗauke da ninkin-ba-ninkin haka, a can ne wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a Disambar 2019, kuma mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Da yawansu kamen kan-mai-uwa-da-wabi irin na daren nan ne ya kai su, suka rasa kawun da zai biya dubu ashirin.

Akwai kuma waɗanda hukunci ba ya taɓa isa gare su. Kowa a Legas ya ji ana cewa abin da ake tarawa a shinge ba ya tsayawa a aljihun kurtu, akwai kason da ke hawa sama. In hakan ne, ɗaure kofur kaɗai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A shari'ar 'yan kasuwar nan shida na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, sai a Maris na 2017 aka yanke hukunci, kusan shekara goma sha biyu. Ƙananan jami'ai biyu aka yanke wa kisa, kotu ta sallami sauran ukun da suka haɗa da mafi girman muƙami a cikinsu, DPO ɗin yankin kuwa ya tsere tun farkon bincike. A Amurka, bayan kisan George Floyd a 2020, Derek Chauvin da ya danne masa wuya ya samu shekara 22 da rabi, amma sauran ukun da ke wurin ma sai da aka ɗaure su, har da wanda aikinsa kawai shi ne tare jama'a kada su matso. Wannan nake so mu ɗauka. Wanda ya tsaya yana kallo ana dukan ɗan adam a ofishinsa, wanda ya rubuta rahoton ƙarya cewa mamacin ɗan fashi ne, DPO ɗin da aka mutu a ɗakin tsare mutane na ofishinsa bai sanar da mai binciken musabbabin mutuwa ba kamar yadda dokar Legas ta 2007 ta wajabta, kowannensu ya amsa nasa a gaban alƙali.

Matsalar ita ce wa zai yi binciken. A yanzu ɗan sanda ke binciken ɗan sanda, shi ke tattara shaida, shi ke riƙe da fayil ɗin da kan ɓata. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana iya kora ko rage muƙami, amma ba ita ke kai mutum gidan yari ba. Sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase yana taimakawa, ana samun a dawo wa mutum da kuɗinsa, sai dai dawo da kuɗin sata bai taɓa wanke ɓarawo ba. Sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙara ko karɓe ta daga hannun kowa. Abin da aka yi wa Bolanle Raheem a mayar da shi ƙa'ida: ofishi na dindindin a ma'aikatar shari'a ta jihar, da lauyoyinsa da masu bincikensa, wanda duk ɗan sandan da aka kora saboda duka ko ƙwace ko harbi, fayil ɗinsa zai wuce can kai tsaye. Kuma duk wata uku a wallafa: mutum kaza aka kora, ga lambar ƙarar kowannensu, ga kotun, ga inda aka kwana.

Diyya ma haka. Kwamitin Mai shari'a Doris Okuwobi da aka kafa a lokacin EndSARS ya raba sama da naira miliyan 400 ga waɗanda aka zalunta, abin a yaba. Amma kuɗin daga baitulmalin jihar suka fito, wato daga harajin mai shayi da direban danfo, jami'in da ya yi ɓarnar bai yi asarar ko sisi ba. Daga cikin shawarwari 32 da kwamitin ya bayar kan harbin da aka yi wa masu zanga-zanga a mashigar Lekki ranar 20 ga Oktoban 2020, guda 11 gwamnatin jihar ta karɓa kai tsaye. Wanda kuma ya kai rundunar kotu ya yi nasara, sai ya tarar da wata tsohuwar doka da ta ce ba a taɓa kuɗin gwamnati sai da izinin Antoni Janar, ya riƙe takardar hukunci shekara da shekaru. Ya kamata wani kaso na diyyar ya fito daga albashi da haƙƙoƙin ritayar wanda ya yi laifin.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗan sandan Najeriya yana cikin wahala. Duk wanda ya ga hotunan Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja da tashar Channels ta nuna a Janairun 2013, har Shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata, ya san a wane irin wuri ake horar da mutumin da za a ba bindiga. Barikinsu kango ne, wasu da kuɗinsu suke ɗinka kaki su zuba wa motar sintiri mai. An kashe da dama daga cikinsu an ƙona ofisoshinsu a rikicin da ya biyo bayan zanga-zangar 2020, su ma suna da marayu. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, muna sahu ɗaya da su ranar Juma'a, kuma na san waɗanda ba su taɓa cin haram ba. A gyara musu albashi da muhalli, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma talauci bai taɓa zama uzuri ga yaron da ya saci waya a Oshodi ba, alƙali ba ya tambayarsa ko ya karya kumallo. Kuma ɗan sanda nagari shi ya fi kowa cutuwa da wannan hali, domin shi ke shan jifa da zagin da wani ya jawo.

Mu ma da namu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwarmu a Mile 12 in ɗan'uwansa ya riƙe masa kuɗi, maimakon kotu ko zauren sarkin kasuwa, sai ya sayi ɗan sanda ya sa a kulle shi har sai dangi sun biya, alhali doka ta hana. Wanda ya koya wa kare cizo yau, gobe ƙafarsa ce kusa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu suna ƙoƙari, tsakar dare ake tashin su su je su karɓo yara, Allah ya saka musu. Sai dai sulhun da ake yi a ofishin DPO, a ba iyalan mamaci kuɗin mota da na sadakar uku a ce a yi haƙuri, shi ke binne shari'a. Afuwa a Musulunci haƙƙin mai jini ce, yana yin ta bayan an tabbatar masa da haƙƙinsa kuma yana da ikon karɓa. Wadda aka yi saboda tsoro sunanta danniya. Legas tana da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka kyauta tun 2000, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, doka kuma ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Ƙungiyar da ke iya tara miliyoyi don bikin naɗin sarauta tana iya ɗaukar lauya guda ta biya shi albashi, ta buɗe littafi a fadar sarki inda za a riƙa rubuta rana da wuri da sunan da ke ƙirjin jami'in da adadin da ya karɓa.

Da akwai irin wannan littafi a daren nan, da na rubuta. Ɗan yayata bai ƙara wata biyu a Legas ba, ya tattara ya koma gida, ya ce gara ya yi noman rani ko da ba riba. Kwanakin baya wata hidima ta bi da ni ta gaban ofishin, na hangi mutumin nan tsaye a bakin ƙofa yana amsa waya, mai POS ɗin na zaune a inda na bar shi. Igiyar da ke hannun rigarsa ta zama uku.